Magabata Marasa Suna

A shekarar 1932 masana suka soma tono kusa da garin Clovis, a jihar New Mexico ta Amurka. Can suka tarar da kawunan mashi na dutse cuɗe da ƙasusuwan wani jinsin giwa da ya shuɗe. Maharban da suka sassaƙa su sun rayu kimanin shekaru 13,000 da suka wuce. Sunan da suke kiran kansu ya tafi tare da su, sai aka laƙaba masu na garin.

Mu ma a ƙasar Bauchi muna da irin waɗannan magabata. A kogon Geji, cikin yankin Toro, akwai zanen shanu da doki da mutane a jikin dutse. Amma duk sa'ad da muka tashi ba da tarihi, daga Malam Yakubu da ganuwarsa muke farawa, sai ka ce kafin zuwansa duwatsun nan kango ne.

Mutanen Clovis sun sami gidan tarihi. Zanen Geji kuwa iska da damina na lasar sa a hankali. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Wajibi ne mu kai ɗalibanmu su gani da idonsu, tun shanun nan ba su ɓace daga dutsen ba.