Ƙyallayen da Na Kira Shara

Ɗan ƙanwata yana matashi aka kai shi koyon ɗinki wurin wani tela a kasuwar Mubi. Kullum da yamma idan zai dawo Mugulbu, sai ya ƙunso ƙyallayen shadda da atamfa da suka zube a ƙarƙashin keke. Da dare ya shimfiɗa tsohon buhu ya yi ta jera su yana ɗinkewa da allura. Wani wurin ya cusa auduga ya taso, wani wurin ya shafa fenti, har duwatsun da suka kewaye mu su fito, hadarin damina na haɗuwa a samansu.

Ni na kashe wannan abu. Malamin makaranta ne ni, kuma ana jin maganata a dangi. Ranar da ya kawo mini aikinsa yana murna, ko karɓa ban yi ba. Na ce masa tara shara ba sana'a ba ce, na kuma ja kunnen mahaifinsa cewa yaron zai lalace. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu." Daga ranar bai sake ɗauko ƙyalle ba.

Shekaru sun shuɗe kafin wani abokina da ya karanta fasahar zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya nuna mini hotunan aikin Abdoulaye Konaté na ƙasar Mali. Gabana ya faɗi, domin hanyar da na tare wa yaron nan ce wannan dattijo ya bi har duniya ta san shi.

An haifi Konaté a garin Dire, a yankin Tambutu, a 1953. Ya koyi zane da fenti a Bamako, sannan ya tafi Habana ta ƙasar Kyuba ya yi karatu daga 1978 zuwa 1985. Da ya dawo ya kama aiki a gidan tarihin ƙasarsu. A shekarun 1990 ya karkata zuwa ga yadi. Shaddar da ake rinawa a Bamako yake yankawa siri-siri, a ɗinka su layi bisa layi, launi na narkewa cikin launi, har aikin ya rufe bango guda. Da wannan yadi ya yi magana a kan yaƙi da cutar ƙanjamau da halin da Sahel ke ciki. Ya ci babbar kyautar baje kolin fasaha na Dakar a 1996, aka kuma nuna aikinsa a baje kolin Benis na Italiya a 2017. Ya shugabanci makarantar fasaha a Bamako, inda matasa suka taso a hannunsa.

Ko a nan gida akwai Nike Davies-Okundaye, haifaffiyar Ogidi a jihar Kogi ta yanzu a 1951, wadda ta koyi saƙa da rini a hannun tsofaffin gidansu, ta buɗe cibiyar koyarwa a Oshogbo a 1983, yau kuma gidan baje kolinta na Legas ya zama wurin ziyara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ban ma buƙaci zuwa nesa ba. Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano. Aska takwas da ke ƙirjin babbar rigata, wani ne ya zana ta kafin allura ta bi. Ina sa fasahar yadi a jikina ranar Sallah, amma da ta tsiro a gidanmu na kasa gane ta.

Na je na sami ɗan ƙanwar tawa a shagonsa, yanzu magidanci ne, ɗinki ke riƙe da iyalinsa. Na nemi gafararsa. Ya ce, "Haba Kawu, ai ya wuce." Ya yafe, amma shekarun da hannunsa zai yi yana ƙwarewa ba za su dawo ba.

Tsoron talauci ne ya sa ni magana, kuma tsoron ba laifi ba ne. Laifina shi ne na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba, na jingina shi da girmana. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, to ya fi muni idan yana bakin wanda ba a yi wa musu. Da na bar shi ya yi ɗinki da rana, ya yi fasaharsa da dare, babu abin da zai ragu.

Iyaye da malamai 'yan'uwana, idan yaro ya kawo muku abin da ya ƙirƙira, ku karɓa da hannu biyu, ku tambaye shi yadda ya yi. In abin ya fi ƙarfin saninku, ku kai shi wurin wanda ya sani kafin ku ce uffan.