Zakuna Biyar a Cikin Gilashi

Yaya,

Nan Tokyo sanyi ya fara kunno kai, aiki kuma sai godiya.

Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina, ɗan ƙasar nan, ya ja ni wata kasuwa da ake ce wa Nakano Broadway. Tsohon gini ne tun 1966, in ka gan shi daga waje ba za ka ɗaga kai sau biyu ba. Da muka hau bene sai ga shaguna a jere, ba abin da ke cikinsu sai kayan wasan yara na da, da littattafan zane na gwanjo, da tsofaffin na'urorin gem. Da yawansu na kamfanin Mandarake ne, wanda ya faro da ɗan shago guda a wannan gini a 1980. Masu saye kuwa magidanta ne, wasu har da furfura, suna leƙen kaya a natse kamar masu zaɓen zinariya.

A gaban wani akwatin gilashi na tsaya cak. Yaya, butum-butumin Voltron ne.

Ka tuna yadda muke fitowa daga Islamiyya da gudu, mu cika tsakar gidan maƙwabcinmu don kallon Voltron a talabijin, mu kusan ashirin a kan tabarma biyu? Sai la'asar tasha ke buɗewa. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, babu mai tashi, muna zaune muna addu'ar a dawo da ita kafin a zaro takobi. Talabijin ɗin baƙi da fari ce, don haka sai ranar nan na tsaya na ƙare wa launin zakunan kallo da idona: baƙin shi ne kai da ƙirji, ja da kore hannuwa, shuɗi da rawaya ƙafafu. Shekara nawa muna gardamar wane zaki ya fi ƙarfi, alhali duk toka-toka muke ganinsu.

Da na ambaci sunan, abokina bai gane ba. Shi GoLion ya sani. Ashe kamfanin Toei ne ya yi shi a nan Japan a 1981, Amurkawa suka saya, suka yanke wuraren zubar da jini, suka sauya masa suna a 1984, sannan ya iso mana. Abin da muka taso muna ɗauka na Amurka ne, ga ni yau a gidansu.

Guda biyu ne a cikin gilashin. Ɗaya an yi wasa da shi, fentin ƙafar rawayan ya goge, takobinsa ma babu. Ɗayan yana cikin kwalinsa, ba a taɓa buɗewa ba, kuɗinsa ya ninka na farkon sau da yawa. Na tambayi dalili, abokina ya ce darajar ai a rashin taɓawar take.

Daga nan ya kai ni gidansa. Ɗaki guda ya ware: na'urar gem ta Famicom ta 1983 da mahaifinsa ya saya masa, har yanzu tana aiki; Game Boy ta 1989; da jerin butum-butumin Gundam da ya harhaɗa da hannunsa. A gida da mun ce gemu ya fito hankali bai zo ba. Ni ma da wannan tunanin na shiga. Amma da ya ɗauko Famicom ɗin da hannu biyu, ya ce daga ranar da ya kwance ta don ya ga abin da ke ciki ya san injiniya zai zama, sai jikina ya yi sanyi. Mutanen nan ba sa jin kunyar ƙuruciyarsu. A Odaiba, nan Tokyo, sun kafa butum-butumin Gundam mai tsawon kusan mita 20, kakanni da jikoki na zuwa kallo. Sun yarda cewa abin da ya burge yaro yana ɗan shekara bakwai shi ke jan hannunsa in ya kai arba'in.

Sai kai ka faɗo mini a rai. A duk layinmu babu wanda ya kama ƙafarka a motar kara da ta langa-langa. Ina ganinka a zaure, ka fere ɓargon kara da reza, ka yanko tayoyi daga tsohon silifas, ka yi fitilu da murfin kwalba, har da ƙofa mai buɗewa. Ina ko ɗaya yanzu? Ko hoto babu. Mun iya ajiya, ga kwallayen Hajiya nan da littattafan marigayi Baba, amma kayan manya kaɗai muke ganin sun cancanta. Babu wanda ya taɓa duban motarka ya ce yaron nan makaniki ne ko injiniya. Cewa aka yi ka bar shiririta. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma a nan mutanen nan sun fi mu.

Amma kwalin da ba a buɗe ba, shi kam zuciyata ta ƙi shi. An ƙera abu don hannun yaro, ya shekara arba'in a duhu, wai don kada kuɗinsa ya faɗi. Ɗakin abokina tsaf yake, shiru kuma, babu ɗan maƙwabci da ya taɓa shiga. Motarka ɗaya yara goma ke ja, kafin magariba ta karye, gobe ka yi wata. Ba zan musanya wannan hayaniyar da ɗakin gilashi ba.

Na koma na sayi mai gogaggen fentin. Zan ba wani ɗan'uwa da zai taho gida ƙarshen wata. Na san Hajiya za ta ce mutum-mutumi ne, ka tuna mata cewa Nana A'isha ma ta yi wasan 'yartsana da ƙawayenta. Ka miƙa wa yaranka, kuma kada a kulle shi a kabad. Duk yaran layi su taɓa, in ya karye ya karye. Takobin da ya ɓata, ka zauna da su ku yanko wani daga langa-langa.

Sannan ina roƙon alfarma. In an yi girbin dawa, ka samo kara ka yi mota guda biyu a gaban idonsu. Ɗaya tasu ce. Ɗayar ka ba Hajiya ta ajiye mini a saman kwallayenta har in zo.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninka.