Tirela ko kanta: wane jirgin ɗaukar kaya ne ya dace da Sojin Samanmu?

Jama'a, kwana biyun nan hotunan manyan jiragen soja masu saukar ungulu sun cika shafukan matasanmu. Wannan ya ɗora Chinook na Amurka, wancan ya ɗora Mi-26 na Rasha, a ƙasa a rubuta: me ya hana Najeriya sayen wannan a gama da ɓarayin daji? Tambayar tana da tushe, kuma mu mutanen gabashin Sakkwato ta fi shafa, daga nan Illela zuwa Gada, Goronyo, Isa da Sabon Birni. Ni ba soja ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Amma na shekara kusan ashirin ina ganin yadda ake sayen kaya da kuɗin gwamnati da kuma yadda kayan suke ƙarewa, don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun, bari in tofa albarkacin bakina.

Mu fara duba abin da Rundunar Sojin Sama ta samu a 'yan shekarun nan. A 2021 an kawo Super Tucano 12 daga Amurka da JF-17 guda 3 daga Pakistan. An yi odar T129 guda 6 daga Turkiyya, biyun farko suka iso a ƙarshen 2023. A 2022 Amurka ta amince ta sayar mana da AH-1Z guda 12 a kan dala miliyan 997. Duk waɗannan na kai hari ne. A ɓangaren ɗaukar sojoji da kaya kuwa, sabon abin da aka fi ji shi ne Mi-171E guda 2 da aka karɓa a 2020, sai tsofaffin Super Puma. C-130 yana nan, amma shi sai da filin jirgi. Zai sauka a Sakkwato, ba zai sauka a Gatawa ba.

To jirgin yaƙi in ya yi luguden wuta juyawa yake ya koma. Wanda zai riƙe ƙauye bayan nan soja ne a ƙasa, kuma sojan nan yana buƙatar a kai shi da wuri, a kai masa harsashi da ruwa da abinci, in ya ji rauni a ɗauke shi. A yankinmu da damina hanyoyi yankewa suke, da rani kuma kwanton ɓauna ke jiran ayarin motoci. Daga Sakkwato zuwa Illela kusan kilomita 85 ne, jirgi mai saukar ungulu bai cika rabin awa ba zai iso. Wannan tazarar ita ce tsakanin rai da mutuwa ga wanda jini ke zuba.

Don mu fahimci juna, ku ɗauki jiragen nan kamar motocin da ke lodi a kasuwarmu. Akwai tirela, akwai babbar mota mai taya goma, akwai kanta.

Tirelar ita ce Mi-26. Babu jirgi mai saukar ungulu da ke aiki yau da ya kai shi girma. Yana ɗaukar tan 20, ko sojoji sama da 80, farfelarsa tana da fiffike 8. A 2002 a Afganistan shi aka yi haya ya ɗauko Chinook ɗin Amurka da ya lalace, ya rataye shi kamar ɗan akuya. Aljeriya, makwabciyar makwabciyarmu, ta sayi guda 14. Sai dai yana shan mai kusan tan 3 a awa ɗaya. Kuma ga babbar matsalar: jikin jirgin a Rasha ake ƙera shi, injinsa kuwa kamfanin Motor Sich ne ke yi a birnin Zaporizhzhia na Yukren. Ƙasashen nan biyu suna yaƙi da juna. Wa zai sayar maka da inji?

Mai taya goman ita ce CH-47 Chinook na kamfanin Boeing, mai farfela biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Yana ɗaukar tan 10 zuwa 12, ko sojoji 33 a zaman ƙa'ida, ana kuma iya ƙarawa. Ya san yanayi irin namu: a 2018 Ingila ta tura guda 3 zuwa Gao a Mali don taya sojojin Faransa jigila, domin Faransa da duk ƙarfinta ba ta da jirgi mai wannan nauyin. Indiya ta gwada shi da Mi-26, ta zaɓe shi, ta sayi 15, alhali ta daɗe tana amfani da Mi-26 ɗin. Kuɗinsa fa? A 2022 Amurka ta amince ta sayar wa Masar guda 23 da kayan gyara da horo a kan dala biliyan 2.6, wato kowane ɗaya ya haura dala miliyan 110.

Akwai kuma CH-53K na kamfanin Sikorsky, mai inji uku, wanda ke iya ratayo tan 16. An ƙera shi ne don sojojin ruwan Amurka masu tashi daga kan jirgin ruwa. Jamus mai arziki ta duba shi ta duba Chinook a 2022, ta ɗauki Chinook guda 60. Abin da Jamus ta ga ya yi mata tsada, mu bar shi a hoto kawai.

Kantar ita ce Mi-17 da ƙaninsa Mi-171, da dangin Super Puma na Airbus. Tan 4 ko ɗan sama da haka, sojoji ashirin da wani abu. Ba su da kwarjini a hoto, amma matuƙanmu da makanikanmu sun san su.

Yanzu ga abubuwa uku da hoto ba ya nunawa.

Na farko, zafi da ƙura. Nauyin da kamfani ke rubutawa a takarda na yanayi mai sanyi ne. Iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, farfela ta rasa abin kamawa, inji ya rage ƙarfi. A watan Afrilu da Mayu da zafinmu ke haura maki 40, dole a rage lodi ko a rage mai. Ƙurar hunturu kuma tana cin fiffiken inji kamar yadda yashi ke cin garma, sannan in babban jirgi zai sauka a fako, ƙurar da yake tayarwa tana rufe wa matuƙi ido. Iya girman jirgi, iya ƙurarsa. A Afrilun 1980 Amurka ta tura manyan jirage 8 samfurin RH-53 cikin hamadar Iran don kuɓutar da mutanenta, guguwar ƙura da lalacewar na'ura suka sa aka fasa aikin, sojoji 8 suka mutu a wurin. Amurka ke nan fa.

Na biyu, wanda ya sayar maka da jirgi shi ke riƙe da linzaminsa har ranar da zai tsufa. A 2014, Boko Haram na kan ganiyarta, Amurka ta hana a sayar mana da jiragen Cobra daga Isra'ila saboda zargin take haƙƙin ɗan Adam. Super Tucano ma sai da aka dakatar da cinikin bayan kuskuren da aka yi a Rann a Janairun 2017. Ranar da aka yi saɓani da Washington, Chinook ɗinka zai zauna jiran ƙaramin ƙarfe ɗaya. Ta ɓangaren Rasha kuma akwai dokar takunkumin Amurka ta 2017 a kan masu manyan cinikin makamai da ita, ga yaƙin da ya sa masana'antunta suka koma yi wa kansu aiki. Mu mutanen iyaka mun san yadda siyasa ke juyawa dare ɗaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar mun ga tireloli jere a nan wata da watanni, Ƙonni na gabanmu amma ba shiga, har Maris ɗin 2024.

Na uku, yawa. Jirgi ba ya tashi kullum. Ko a ƙasashen da suka iya kula da kaya, wani kaso yana wurin gyara a kowane lokaci. In ka sayi manya 4, wata rana biyu ne za su tashi, kuma Borno na kira, Neja na kira, Zamfara na kira. Sakkwato ta shiga layi. Kuɗin manyan nan 4 zai sayo matsakaita masu yawa da za a raba Sakkwato, Gusau, Katsina da Maiduguri. Sannan abokan gabarmu suna harbin sama. A ranar 18 ga Yuli 2021 sun kakkaɓo Alpha Jet a Zamfara, Allah Ya kuɓutar da matuƙin. A ranar 14 ga Agusta 2023 Mi-171 da ya ɗauko gawarwaki da sojojin da suka ji rauni ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Shiroro, Jihar Neja. Allah Ya jiƙansu. Ku auna in da babban jirgi ne cike da mutane. Ya taɓa faruwa: a Agustan 2002 'yan tawayen Checheniya suka harbo Mi-26 guda ɗaya da makamin kafaɗa, mutum 127 suka mutu.

Ban ce babban jirgi ba shi da amfani ba. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2010 da ta cinye gadar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko fashewar dam ɗin Alau da ta shanye Maiduguri a Satumbar 2024, ya san akwai ranar da ake buƙatar abin da zai ɗaga janareto, ƙarfen gada ko motar aiki ya tsallake ruwa da su. In za a sayi babba, a ganina Chinook ne, domin ƙasashe da yawa na amfani da shi kuma har yanzu ana ƙera shi. Amma wannan mataki na biyu ne. Ɓarayin da ke addabarmu a kan babura suke, suna afkawa ƙauye su fice cikin awa ɗaya ko biyu. Abin da zai tare su sojoji ashirin ne da suka iso a kan lokaci. Wannan aikin kanta ne, in dai tana kusa kuma da mai a cikinta.

A nan ne aikin ofis ya koya min wani abu. A kasafin kuɗinmu sayen sabo yana da farin jini, domin akwai kwangila, akwai bikin ƙaddamarwa, akwai hoto. Kuɗin gyara kuwa shi ake fara yankewa. Na yi aiki a wurin da aka kawo sababbin motoci da bikin yanka kyalle, bayan shekara uku suna kan duwatsu a bayan ofis, ana cire kayan wannan ana tayar da waccan, don takardar kuɗin sabis ta kwana a teburin wani. Jirgi ya fi mota rashin haƙuri. Kowane ƙarfe a jikinsa yana da adadin awannin da zai yi a cire shi, ko da kuwa yana ƙyalli. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka in wakilanmu na Majalisar Tarayya sun zo gida, ga tambayoyin da nake so mu riƙa yi musu: cikin jiragen jigilar da muke da su, nawa ne za su iya tashi yau? Nawa ne ke kwana a Sakkwato? Shekara nawa na kayan gyara aka haɗa a cikin kwangilar? Makanikai nawa aka tura horo? Jirgin zai iya sauka da dare a Sabon Birni ya ɗauko mai rauni? Amsar waɗannan ce za ta nuna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

'Yan'uwa da ke cikin kaki ko suka yi ritaya, ku kuka fi mu sanin wannan fage, muna sauraron ƙarin bayaninku. Allah Ya tsare sojojinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya. Amin.