Idon Baƙo

Abin karantawa: 1 Korintiyawa 12:12-26 da 14:23-25

In kana cikin iyayen da ransu kan ɓaci duk sa'ad da suka ga yaro ya duƙufa a kan wasan kwamfuta, ba zan ce ba ka da hujja ba. A shekarun da na yi ina kiwon ikilisiya na saurari wannan kuka daga bakin iyaye da yawa, sau da dama kuma kukan yana bisa gaskiya. Akwai wasannin da ba su da abin koyarwa sai zub da jini, ga kuma cacar da ta shigo wayoyin 'ya'yanmu sanye da rigar wasa. Amma yau ba mai yin wasan nake so mu duba ba. Ina so mu shiga maƙera, mu ga waɗanda suke ƙera shi, domin akwai wata al'ada a cikin sana'arsu da ta daɗe tana yi mini wa'azi.

A garin Redmond na jihar Washington, a Amurka, akwai wata makarantar ilimi mai zurfi da ake kira DigiPen, inda ake koyon ƙera irin waɗannan wasanni. A can jarrabawar takarda ba ta isa. Dole ɗalibai su haɗu ƙungiya-ƙungiya su fitar da wasan da wani zai iya zama ya yi. Dalilin haka a fili yake, gama aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mai zane zai zana ƙofa kyakkyawa, amma ƙofar ba za ta buɗe ba sai mai rubuta umarnin kwamfuta ya ba ta motsi. In ta buɗe, shiru za a ji sai mai haɗa sauti ya ba ta ƙara. Ko da an yi duk wannan, ƙofar banza ce muddin mai tsara ɗakuna bai sa ta inda take da amfani ba. Ba wanda zai iya ciro rabonsa ya nuna wa malami shi kaɗai, kamar yadda mai tuwo ba za ta iya ware gishiri daga miyar da ta riga ta dahu ba. In ɗaya ya makara, duka sun makara.

A shekarar 2005 wata ƙungiya ta ɗaliban ajin ƙarshe, waɗanda ba su kai goma ba, ta fitar da wasa mai suna Narbacular Drop. Kalmar farko ba ta da ma'ana a kowane harshe; sun ƙago ta ne don ta yi sauƙin nema a intanet. Labarin kuwa na yarinta ne: wata gimbiya ce aka kulle a kurkuku, ba ta iya ko tsalle, amma tana da ikon buɗe ƙofofi biyu a jikin bango ko daɓe ko rufi, ta shiga ta ɗaya ta fito ta ɗayar. Abin da ya ba masu kallo mamaki shi ne yadda ƙofofin suke aiki. In ka sa ɗaya a ƙasan rami, ɗayar a jikin bango, ka faɗa daga bisa, saurin faɗuwarka zai bi ka, ya cilla ka ta bango kamar dutse daga majajjawa.

Mutanen kamfanin Valve, wanda ke garin Bellevue kusa da makarantar, suka ga wasan a ranar da ɗalibai ke baje ayyukansu, suka gayyace su ofis. Shugaban kamfanin, Gabe Newell, ya kalli abin da suka kawo, nan take ya yi musu tayin aiki. Ka lura da wannan, ɗan'uwa: bai tambayi wane ne gwani a cikinsu don ya tsince shi ya sallami saura ba. Ya ɗauke su gaba ɗaya. Ya gane cewa abin da yake da daraja ba ya cikin kan mutum guda, yana tsakaninsu ne. Bayan fiye da shekara biyu, a watan Oktoba na 2007, suka fitar da Portal, ɗan gajeren wasa da ake gamawa cikin sa'o'i kaɗan, wanda har yau ake lissafa shi cikin mafi kyau da aka taɓa yi.

To, ga al'adar da na ce tana yi mini wa'azi. Tun aikin yana ɗanye, a kai a kai sukan kawo mutumin da bai taɓa ganin wasan ba, su zaunar da shi a gaban kwamfuta, su koma baya su yi kallo. Ba a yi masa bayani. In ya rikice, ba a nuna masa hanya. Ka yi tunanin zuciyar saurayin da ya kwana bakwai yana gina ɗaki, ga shi tsaye yana kallon baƙo yana ta kai da komo a ciki, ya kasa ganin mafitar da shi maginin yake gani ƙuru-ƙuru. Bakinsa yana ƙaiƙayi ya ce, “Ai ga ta can, ɗaga kanka!” amma ba dama, domin ranar da wasan zai shiga gidajen mutane ba ya nan balle ya yi bayani.

Abin da baƙin nan suka nuna musu ya sāke kamannin aikin. Da farko an cika ɗakunan da kayan ado, sai aka ga masu gwaji suna ɓata lokaci suna ƙoƙarin amfani da abin da aka ajiye don kyau kawai. Aka kwashe kayan, aka bar bango fari fes, yadda ido zai faɗa kan abin da ake bukata. A wani ɗaki ana so mai wasa ya ɗauki wani akwati ya tafi da shi har ƙarshe, amma mutane suna ta mantawa da shi a baya. Sai aka zana masa alamar zuciya, marubucin ƙungiyar, Erik Wolpaw, da abokan aikinsa suka sa muryar da ke magana da mai wasa ta riƙa zancen akwatin kamar aboki, daga nan mutane suka daina yar da shi. Karon ƙarshe na wasan ma an gina shi an rushe fiye da sau ɗaya. Kowane abin da aka cire, akwai wanda ya zub da gumi a kansa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne game da ruwan sama. Amma akwai wani irin yoyo da mai ɗaki ba ya gani, don ya saba da shi har ya zama masa kamar ado. Wannan sai baƙo.

Yanzu ka buɗe wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. Ikilisiyar Korinti ba ta rasa baiwa ba. Yawan baiwar ne ma ya zame mata fitina, har ta rabu kashi-kashi, waɗansu na Bulus, waɗansu na Afolos, waɗansu na Kefas. A sura ta 12 manzon ya kawo misalin jiki da gaɓoɓinsa, ya nuna cewa ido ba shi da ikon sallamar hannu, kai kuma ba ya wadatuwa ba tare da ƙafa ba, gaɓoɓin da muke rainawa ma su ne ba a iya rayuwa ba tare da su ba. Wannan sura mun san ta, muna karanta ta a ranar naɗin dattawa da bikin zumuntar mata. Amma sau da yawa mukan tsaya nan, mu yabi juna, mu tashi. Bulus bai tsaya ba. Bayan ya bi ta kan ƙauna a sura ta 13, sai a sura ta 14 ya shigo da wani mutum cikin taron: bare, marar sani, wanda bai san al'adar gidan ba. Ya ce wa Korintiyawa su dubi sujadarsu da idon wannan mutum. In kowa yana nuna baiwarsa ba wanda yake fahimtar wani, baren zai fita yana cewa ya ga taron mahaukata. In kuwa maganar ta fito sarai, za ta tone abin da ke zuciyarsa har ya durƙusa ya shaida Allah yana tsakaninsu.

A ganina nan ne ake gane ko mutane sun zama jiki ɗaya ko kuwa tarin gwanaye ne kawai da suke zaune a benci ɗaya. Muddin ana auna aiki da jin daɗin mai yinsa, kowa zai kare rabonsa. Mawaƙa za su ce waƙa biyar ba ta yi yawa ba, magatakarda zai karanta sanarwa har rana ta take, mu masu wa'azi kuma (na sa kaina a ciki don sana'ata ce) za mu riƙe kalmomin da muka sha wuya muka koyo a makarantar tauhidi, ko da tsohuwar da ke bencin gaba ba ta kama ko ɗaya ba. Ba wanda ya yi zunubi a fili, kowa yana hidima da zuciya ɗaya. Amma yarinyar da ƙawarta ta gayyato, wadda ba ta san lokacin tashi da na zama ba, ba ta san shafin da ake waƙa ba, ba wanda ya matsa mata a benci, ta fita ke nan, ba lalle ta dawo ba. Ba za ta rubuto mana takardar ƙorafi ba. Ɗaliban nan sun fi mu sa'a a wannan, gama su suna tsaye suna ganin inda baƙonsu ya ɓace. Mu namu baƙon yakan ɓace ne ba mu sani ba.

Kada ka ji ni kamar ina cewa bare ne zai zaɓa mana abin da za mu gaskata. Waɗannan matasa sun zubar da gimbiya da kurkukunta, sun zubar da ado, sun rushe ɗakuna, amma ƙofofin nan biyu ba su taɓa su ba, domin su ne dalilin aikin. Duk abin da suka cire, sun cire shi ne don a ga ƙofofin. Ba su kuma mai da wasan mai sauƙi kamar shan ruwa ba. Wuyar da ta dace ta zauna, wuyar da rashin kulawarsu ta haifar ce aka kawar. Bishara tana da nata tuntuɓe, wato gicciye, ba mu da izinin ɗauke shi daga hanya. Sauran duwatsun da mutane ke tuntuɓe da su a ƙofar majami'a kuwa, yawancinsu mu muka ajiye, kowane ɗaya kuma yana da mai shi wanda zai ji zafi in aka ce a ɗauke.

Wannan zafin ne nake so ka auna a zuciyarka. Wane abu ne a hidimarka wanda in dattawa suka ce a rage shi saboda baƙo za ka ji kamar an taɓa mutuncinka? Ka taɓa roƙon wanda ya zo sau ɗaya ya gaya maka abin da ya gani, ka kuma kame bakinka har ya gama, ba tare da ka ce “ai abin da muke nufi shi ne” ba? In kuma ɗanka ko 'yarka na cikin irin wannan ƙungiya a jami'a, kafin ka yanke hukunci ka zauna ka tambaya: su nawa ne, mene ne rabonka, me aka taɓa cirewa daga aikinka, yaya ka ji? Mai yiwuwa ka tarar yaron yana koyon tawali'un da ka daɗe kana yi masa addu'a a kai.

Bayan 'yan shekaru Valve ta sāke komawa makarantar nan ta ɗauki wata ƙungiyar ɗalibai, waɗanda suka yi wasan da ake fesa fenti a bango don a sāke halinsa, dabararsu kuma ta shiga Portal 2 a 2011. Shi kuwa wasan farko, in mutum ya kai ƙarshensa, sunayen ma'aikatan kamfanin sukan bayyana ɗaya bayan ɗaya bisa jerin baƙaƙe, ba a rubuta muƙamin kowa a gefen sunansa ba. Kim Swift, wadda ta jagoranci ɗaliban, sai an yi nisa ake kaiwa ga sunanta. Na Gabe Newell, mai kamfanin, yana can tsakiya, tare da sauran masu harafin N.