Duba da Gani a Kamlin

Hausa ta raba duba da gani, kuma babu daren da wannan bambanci yake fitowa fili kamar daren da Sha'aban ya cika kwana 29. Kowa na iya fita duban wata. Ganinsa kuwa rabo ne. A wani ƙauyen Hausawa kusa da Kamlin, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, akwai dattijon da ya shafe shekaru yana fita wannan duba. Da an sallame magariba sai ya ba kogi baya, ya fuskanci gonakin Jazira, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da babu tudun da zai tare ido. Jinjirin wata ba ya jira. Yakan leƙo siriri a saman inda rana ta faɗi, kafin a jima ya bi ta.

Kakanninsa ƙasar Hausa suka baro, cikin ayarin da suka yi ta kwararowa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu don hijira, wasu don hajji. Malikanci suka zo da shi, shi suka tarar. A wannan mazhaba wata na tsayawa da shaidar adalai biyu, ko ta jama'a mai yawan da ba za ta haɗu kan ƙarya ba. In ba a samu ba, a cika Sha'aban 30. Wanda kuwa ya gani shi kaɗai, azumi ya hau kansa, ko da alƙali bai karɓi maganarsa ba. Ɗalibi ya lura da fi'ilin: wata "tsayawa" yake yi, azumi kuma "ɗauka" ake yi, kamar kaya.

A zamanin ƙuruciyar dattijon, rediyon Omdurman ne ya fara rage wa ido aiki. Daga baya sanarwa ta zama ta Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Sudan. Sai waya ta shigo da sabuwar matsala. Wata shekara ƙura ta rufe yamma, ba a ga kome ba, ana cikin shirin kwanciya jikansa ya shigo da saƙo daga dangi: Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar an ga wata a Nijeriya.

"Kaka, mutanenmu sun gani. Mu ɗauka?"

"Mutanenmu ne, amma sararin da ke kanmu na nan ne. Jeka ka ji abin da hukuma ta ce."

Dattijon bai ƙaryata kowa ba, kuma ilimin falaki yana bayansa. Rana na faɗuwa a Sakkwato kusan awa biyu bayan ta faɗi a Kamlin, a cikin wannan tazara kuwa jinjirin yana ƙara nisa da rana, ya ƙara haske. Na yamma kan iya ganin abin da ya ɓuya wa na gabas. Ko ganin wata ƙasa yana ɗaure wata mai nisa, tsohuwar muhawara ce tsakanin malamai. Abin da ya fi damunsa shi ne kada gida ɗaya ya rabu, wasu na sahur wasu na barci, ƙarshe a yi Salla biyu.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, ya kai Jazira a ƙarshen shekarar. A Fabrairu 2024, saura makonni a shiga Ramadan, layukan waya suka ɗauke. Ƙauyen ya koma ga abin da ya sani tun asali. Sai dai idon dattijon ya riga ya yi yana. Ya fita duk da haka, riƙe da kafaɗar jikan, yana nuna masa da sanda daidai inda zai kafa ido, yana kwaɓarsa kada ya ɗauki tauraro ko gefen gajimare a matsayin wata, kada kuma ya faɗi abin da bai tabbatar ba don son a ce shi ya fara gani.

Yaron ya duba har ja ya gushe daga sama.

"Ban gani ba, Kaka."

Dattijon ya ce kowa ya kwana da kunne a buɗe. Azumtar ranar shakka don rigakafi ba ta isar wa kowa, ko da ta tabbata Ramadan ce. In labari ingantacce ya iso kafin alfijir, a ɗaura niyya. In sai da hantsi ya iso, a kame baki har faɗuwar rana, a rama bayan Salla. Ya sa aka ajiye masa kunu kusa da shimfiɗarsa, ya bar ƙofar zaure a buɗe saboda mai kawo labari.