Daga Kankiya Da Kusada Zuwa Maraɗi: Wace Makaranta Za Ki Sa Ɗanki?

Yau ina so ki biyo ni mu yi 'yar tafiya, domin akwai wani al'amari da ya kan sami matan Kankiya da Kusada, ba a kuwa cika yin zancensa ba sai ya auku. Watau maigida ya dawo da dare ya ce wa uwargida ta fara ɗaurin kaya, ciniki ko aiki ya mai da shi Maraɗi. To, ga tukwane an ɗaure, ga gado an kwance, amma yaron nan da ke aji uku fa?

In kin tashi daga Kusada, za ki fito babbar hanyar Kano zuwa Katsina, ki bi ta Gidan Mutum Ɗaya, ki shiga Kankiya, garin da ke da makarantar koyon aikin kiwon lafiya. Daga nan sai Caranci, sai birnin Dikko, wajen mil 40 daga Kankiya. Ki wuce Jibiya, ki ƙetare iyaka ki sauka Ɗan Isa, sa'an nan ga Maraɗi. Tsakaninta da Katsina wajen mil 60 ne kurum. Wanda ya yi sammako ya kan yi azahar can.

Da kin sauka ba za ki ji baƙunta ba. Hausa ake yi a kasuwa, fura ake damawa, sarkinsu ma Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina na dā ne suka zauna can bayan jihadi. Garin yana kusa da Gulbin Maraɗi, wanda ya yi ambaliya cikin 1945 har aka mai da mutane kan tudu. Wannan kamanni shi ke ruɗin iyaye mata, su zaci makaranta ma ɗaya ce. A'a, ba ɗaya ba ce. Mu Ingilishi suka mallake mu, su kuwa Faransawa, kowa ya bar wa nasa irin bokonsa.

A can makaranta lakwal ake ce mata, malami kuwa mushe. Firamare shekara 6 ce kamar tamu, amma ana buɗe ta cikin Oktoba, alhali tamu ta Jihar Katsina cikin Satumba. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa rubutu mai haɗe da juna, lamba 7 kuma a gitta mata sanda a ciki. Ko lissafin kuɗin tara sai ya sake koyo, gama sefa 5 ita ce dala ɗaya a bakinsu. Babban abin dai shi ne harshe. Gaskiya ne cikin 2025 hukumar Nijar ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ta ce Faransanci da Turanci harsunan aiki ne, amma wanda zai yi nisa da karatu a can ba makawa sai ya iya Faransanci.

Makarantun da za ki tarar iri uku ne. Ta fari ita ce lakwal ta gwamnati wadda ake yin kome da Faransanci. Ta dace da yaro mai shekara 6 ko 7, wanda bai daɗe da fara aji ɗaya ba, musamman in zaman naku mai tsawo ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshe kuma ba ya yi wa ƙaramin yaro wuya.

Ta biyu ita ce madarsa, inda ake haɗa Faransanci da Larabci. An buɗe ta farko a garin Sayi cikin 1957, daga nan ta yaɗu cikin ƙasar. Yaron da ya taso da allo, ya kuma yi Islamiyya a Kankiya, a nan zai fi saurin sakin jiki, domin rabin karatun ya riga ya san ƙamshinsa. Larabcin kuwa ba ya ɓata ko kun komo gida.

Ta uku ita ce wadda ake fara karatu da harshen gida, sa'an nan a shigo da Faransanci sannu sannu. An fara gwada wannan da Hausa a Damagaram cikin 1973. Ba kowace unguwa ke da ita ba, sai kin yi cigiya. Rubutun Hausarsu kusan namu ne, sai ƙananan bambance-bambance, kamar 'y tamu da su kan rubuta ƴ.

In kuwa aka kwatanta miki makarantar kuɗi wadda aka ce da Turanci take karantarwa, kada ki biya ko kwabo sai maigida ya ga takardar izninta, ya kuma tambayi wace jarrabawa yara ke yi in sun gama, ta Nijeriya ko ta Nijar.

Akwai kuma hanya ta huɗu, wadda ta fi ciwo ga uwa, amma sau da yawa ita ce daidai. Yaron da ya kai aji biyar ko shida, in an kai shi lakwal mai yiwuwa ne a mai da shi baya, ya zauna da ƙannen bayansa bai san abin da mushe ke faɗi ba. Kunya ta kan sa irinsa ya gudu. Gara a bar shi wurin kakarsa ko gwaggonsa a Kusada ya gama, ya riƙa zuwa hutu. Kada kuma ku ce yaro zai riƙa ƙetarowa kullum ko kowane mako, domin iyaka ba ta da tabbas. An rufe ta cikin Agusta 2019, aka daɗe ba a buɗe ba, aka sake rufewa cikin 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

Ina roƙonki ki fi sa ido kan 'ya mace. Ita ce a kan ce ta zauna ta taya ki shirya sabon gida kafin a samo makaranta. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, shi ke nan sai zancen aure. Ku 'yan mata 'yan makaranta masu karanta wannan fili, in an fara zancen ƙaura a gidanku, ku tuna wa inna da ladabi ta karɓo muku takardunku.

Takardun kuwa su ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da katin rigakafi, da sakamakon jarrabawa, da takardar barin makaranta mai sa hannun hedimasta. Ki sa su cikin leda a ƙasan akwatinki, kada ki haɗa su da kayan da za a ɗora a saman mota. In kin isa, ki je makarantar da ƙafarki da hantsi, yara suna cikin aji. Ki duba yawansu, ki ga ko akwai ruwan sha da makewayi na 'yan mata dabam, ki auna nisanta da gida, gama ranar Maraɗi cikin bazara ba ta da wasa. Sa'an nan ki tambayi maƙwabciyar da ɗanta ya shekara biyu a can, domin ita ta san abin da mushe ba zai gaya miki ba.

Kafin kome dai, ku zauna da maigida ki tambaye shi: zaman nan na shekara nawa ne? In na shekara ɗaya ne ko biyu, manyan yara su tsaya gida. In kuwa kaka-gida za ku yi, a sa ƙananan tun Oktoba ta fari. Allah ya kai ku lafiya, ya yi wa zuriya albarka, amin.