Likita ya tafi bita

Goggona ta taso daga Ruwan Godiya tun da sassafe, don a hanyarmu yanzu ba mai son yamma ta riske shi. Ta zo a duba mata hawan jini a asibitin da nake aiki, sai aka ce mata likitan da ta saba gani ya tafi bita Kano, sai Litinin. Ta dube ni ta ce, “Ke 'yar nan, mutumin da ya shekara shida yana karatu, me ya rage da za a biya masa? Kuɗin zama kawai suke zuwa karɓa.”

Ban musa mata ba. Ta yi asarar kuɗin mota, kuma ni ma na san akwai bitar da ba a dawowa da komai sai jaka da takardar shaida. Doka ce dai: hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana neman shaidar ƙarin ilimi kafin ta sabunta wa likita lasisinsa na shekara, mu ma'aikatan jinya kuma tamu hukumar duk shekara 3 take nema. Amma ba dokar ce ta faɗo mini a rai ba, wata mai jego ce.

Ina sabuwar fara aiki, a wani aikin dare, wata baiwar Allah ta haifi ɗanta na biyar lafiya lau. Jini na zuba, na duba zanen da ke ƙarƙashinta na ce ba yawa. Haka muka saba, da ido ake kintata. Ashe zane yana shanyewa, wani kuma ya bi katifa. Sai da ta fara hamma, gumi mai sanyi ya keto mata, tana cewa a ba ta ruwa, sannan hankalinmu ya tashi. Allah ya yi da sauran kwananta, ƙanin mijinta da wani maƙwabci suka ba da jini. Har yau idan na tuna yadda na ce “ba yawa”, gabana faɗuwa yake.

A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin ba wata na'ura ba ce. Leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa, jinin ya taru inda kowa zai gani. Da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiyawata guda, ba sauran jira. A murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa ta tsuke, a yi ta tiraneksamik mai rage zubar jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai ƙari ko guntun mabiyiya, duk a lokaci guda. Da can ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Wannan bai cikin littafin da likitanmu ya ci jarrabawa da shi. Daga bita ya kawo mana, ya tara mu da ungozomomi a ɗakin haihuwa muka yi ta maimaitawa har hannu ya saba. Ita allurar tiraneksamik cikin awa 3 da haihuwa take amfani. Uwargida, ki lissafa: mace ta haihu a gida da tsakar dare a ƙauyenmu, a jira gari ya waye kafin a samu mota zuwa Funtua. Awa ukun nan ta daɗe da wucewa.

Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne a tura likita bita ba a bar wani a madadinsa ba. Goggo tana da gaskiya a nan, kuma na faɗa a taronmu na ma'aikata.

Da daddare na ba ta labarin ledar. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce autarta ta shiga wata takwas. “In wata ya kama zan kawo miki ita ta zauna nan. Ki ce su ajiye mata ledar.”